Baba Ya Tsaya a Dubu Saba'in

Nassarawa GRA, Kano.
9 ga Nuwamba, 2002.

Zuwa ga Yaya Ronald,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da addu'ar Allah ya sa kana lafiya, kai da Anti Irene da yara, ya kuma ba ku haƙurin ruwan Fatakwal. Mu nan sai godiya. Ƙanwarmu Loretta ta fara koyarwa a Giginyu, ni kuwa ina nan ofis da tsohon keken rubutuna.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da ka tattara ka bar Kano shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kana rantsuwar ba ka dawowa, ban taɓa matsa maka ba, don na san tsoron da ka ji. Yau kam sai ka yi haƙuri da ni. Mantuwa ta ci ƙarfin Baba. Ni da nake dama masa kunu kullum, Malama yake ce mini. Ran nan ya fice har Gawuna, sai Malam Jibrin mai ban ruwan fulawar maƙwabtanmu ne ya riƙo hannunsa ya kawo shi.

Ka tuna halinsa na malamin lissafi, yadda yake haɗa ranar haihuwar kowannenmu ta zama lamba guda? Tawa da ma tun muna yara ya ce cika ce, a raba biyu a wuce wurin, har yau ina jin haushin wannan! To, ita ya riga mantawa. Taka kuwa, 1,891,971, sha takwas ga watan tara, 1971, kullum da hantsi sai ya rubuta ta da tsinke a ƙasa gindin darbejiya. Ya gaya wa Malam Jibrin wai mara ce, ba ta rabuwa biyu, amma uku na raba ta har sau uku, a sami 70,073. Ita ma in ka yi haƙuri za ka ga 79 ce sau 887, su kuma babu mai raba su sai ɗaya da kansu. Da aka tambaye shi lambar wa ce, ya ce ta wani ɗalibinsa ce mai taurin kai, bai zo aji ba tukuna.

Yaya, makon jiya ya kai 70,073 ya tsaya. Ya daɗe riƙe da tsinken, ya share, ya sake, bai samo 79 ba. Na shige ɗaki na yi kuka. Tun ranar a nan yake tsayawa.

Ka gaida Anti Irene, da Fred, da Kawu Bartholomew in kun haɗu a coci. Loretta da Malam Jibrin suna gaisuwa. Ka zo Kirsimetin nan don Allah, tun yana iya raba ta da uku, ka zauna gindin bishiyar ka ce masa ɗalibin ya iso.

Ƙanwarka,
Lai'atu.