Ƙwallaye Uku

Zuwa ga maigidana ɗan jikalle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya rowa? Ina fatan kana lafiya, kana cin abinci ba biskit ba.

Babanka ya ce kana ƙorafi na daina ɗaukar wayarka. Ba yaji na yi ba. Tun da aka sallamo ni daga asibitin nan na korona, numfashina ya zama kamar famfon layinmu: ya zo, ya ɗauke. In na fara magana sai haki ya tare ni a tsakiya. Takarda kuwa ba ta haki, shi ya sa ka gan ni da biro.

Likita ya ba ni wani abin roba mai tiyo da ƙwallaye uku. Wai in riƙa zuƙar iska har su tashi sama. Ta farko tana tashi, ta biyu tana rawar kai, ta ukun ko gaisuwa ba ma yi. Babanka ya kafa sharaɗi: in ukun ba su tashi ba, zan bar ɗakina na saman bene in koma gidansa. Ɗakin da kakanka ya kafa ƙusar labulensa da hannunsa, a karkace.

Ka gaida abokanka marasa aski.

Uwargidanka,
Kaka

*

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, rubutun kamar kaza ta bi ta kan takardar.

Ga yadda aka yi. Na lura in aka kifar da abin, ƙwallayen da kansu suke gangarowa inda ake so. Na kifar, matar tela maƙwabciyata ta ɗauki hoto, ta juya shi a waya, muka aika wa babanka. Ashe agogon bango ya fito a baya, shi ma ƙafa a sama.

Washegari ya zo. Bai ce komai a kan hoton ba, ya yaba ƙoƙarina, ya sha shayi. Don in nuna masa ƙarfi na raka shi har ƙasa. A hawowa ƙirjina ya kulle, na zauna a tsakiyar matakala ina neman iska. Sai ga shi ya dawo, wai ya manta makulli, alhali makullin na hannunsa. Ya zauna kusa da ni har numfashin ya daidaita.

Ranar Asabar zan tashi. Na ce a cire min ƙusar nan, da ita zan tafi.

Yanzu kana iya kira, zan ɗauka. In ka ji na yi shiru a tsakiyar magana, kada ka kashe, kada kuma ka yi ta kwaɗa min sallama. Ka jira, ina tafe.

Taka har kullum,
Kaka