Kofin Da Ke Kan Taga

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi 'yarki Dakta. Wata huɗu ke nan da rasuwar babanta, ban ga hawayenta ba. Ɗaki biyu gare mu, amma sai mu yini ba mu haɗa ido ba. A jarrabawar rubutu ita ta zo ta ɗaya a ajinsu na likitancin haƙori. A ta aiki da marasa lafiya ta faɗi.

Malamarta ta kira ni. Ta ce hannun yarinyar babu irinsa, amma baki take gani, ba mutum ba. Wani tsoho ya zo a tsorace, ko sannu ba ta yi masa ba ta kwantar da kujera. Ya tashi ya fice da ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya. Dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa za ta maimaita shekara.

Kin san babanta ne ya kamata ya hau kujerar nan ranar jarrabawar. Ta auna bakinsa, ta haɗa masa haƙoran roba, bai rayu ya sa su ba. Suna cikin kofi a kan taga. Kullum da safe sai ta sake musu ruwa, wai in sun bushe za su karkace. Na kasa zubarwa, na kasa yi mata magana. Labulen tagar ma na daina ɗagawa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Na ji daɗi da kumburin ya sauka.

Na ba da kaina a yi jarrabawar da ni, tunda haƙorana na turame uku sun daɗe da zubewa. Da na faɗa wa Dakta, takarda kawai ta miƙo mini in cike.

Ranar ta rufe fuska da takunkumi, ta kira ni da lambar kati. Malamar tana tsaye da biro. Da ta cusa mini kwaɓin da suke auna baki da shi, amai ya taso mini, sai da ta cire. Ban san lokacin da na faɗi abin da babanta ya ce mata ba ranar nasa awon: “Dakta, gida za ki gina mini a baki?”

Ta tsaya cak. Na ce shi ke nan, na kashe mata shekara. Can ta sauke takunkumin, ta dube ni sosai. Ta ce, “Mama, yi numfashi ta hanci. Ɗaga ƙafarki ɗaya, aman zai kwanta, ina nan.” Ta sake kwaɓa wani, hawaye na bin haɓarta, hannunta ko kuskure bai yi ba.

Ta ci, Yaya, da ƙyar. Yanzu tana tambayata ko na ci abinci.

Shekaranjiya ta fita makaranta da sauri, ta manta da kofin. Na zauna ina kallonsa har azahar. Ƙarshe na tashi na sake ruwan. Jiya ma ni na sake, yau ma. Kada ki faɗa mata.

Taki har kullum,
Auta