Sunana a Bakin Inna

Asabar da dare, Woolwich

Yau muka kai Inna sinima, tunda ta kusa komawa Kano. Fim ne na wata uwa da aiki ya kai ta duniyar wata, tana aiko wa ɗanta na fari saƙon murya, kullum sai ta kira sunansa ta ce tana sonsa. Ni nake fassara wa Inna a kunne.

Da muka fito kowa da abin da yake faɗa. Abban yara ya ce sukarin ya yi yawa, wato an cika neman sa mutane kuka, kimiyyar ma duk ƙarya ce. Amira, autata, tana share hawaye ta ce masa, "Daddy, you're heartless."

Inna ta taɓe baki. "Wannan ai rashin kunya ne. Mace ta yi ta kiran sunan ɗan fari, ko nauyin baki babu?" Ni ce 'yar farinta, tun da na yi wayo "ke" nake amsawa.

A bas tana kallon taga, can ta ce, "To, saƙon ƙarshen nan ya iske shi?" Na ce ya iske shi, amma ita ta riga ta rasu. Ta ci gaba da kallon taga har muka isa gida.

Ɗazu ina wanke-wanke ta leƙo kicin. A hankali, kamar mai tsoron a ji, ta ce, "Hadiza, bar shi sai da safe."

Ban bari ba. Na ci gaba da wankewa, ko Allah zai sa ta sake faɗa.