Shunin da Ke Bayan Tauraro

Saji, ranar Lahadi.

Baban Afra'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya Fatakwal, ya kasuwar albasa? Mu nan lafiya lau. Afra'u ta fara haƙori, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi.

Ban so ɗaga maka hankali ba, amma gara ka ji daga bakina. Jiya ƙaninka Mahdi ya ɗaure shanun huɗarka, ya shiga tseren amalanke na bayan kaka a filin hanyar Rurum. Na hana shi, ya yi mini dariya, wai me mace ta sani a kan shanu.

Bana dattawan tseren sun kafa doka. Bulala uku kawai aka yarda a yi wa kowane sa, kuma ban da fuska. Wanda ya wuce haka za a ƙwace nasararsa, a hana shanun gidansu tsere shekara biyu. Don kada a yi musu, kafin a tashi ana tsoma bulalar kowa a ruwan shunin da aka ɗebo daga marina, in an ƙare a ƙirga zanen da ke jikin sa.

Mahdi ne ya zo na ɗaya. Zane bakwai ya yi wa Tauraro, farin san nan da ka rena tun yana maraƙi, wanda ba ka taɓa duka ba, da tsaki kawai kake juya shi a ƙarshen kunya. Da ya ga Malam Shitu, alƙalin tseren, yana tahowa, sai gogan naka ya ja shanun bayan tsamiya, ya jiƙa tsumma ya hau goge zanen. Don Allah wace yarinya ce a garin nan ba ta san ruwa yaɗa shuni yake yi ba? Farin sa tas, kafin ka ce me gindinsa ya koma shuɗi har cinya. Haka aka koro Tauraro gida yara na binsa da ihu. Wallahi kunya ta hana ni zuwa rijiya.

Ranar Laraba za su yanke hukunci. Na san burinka shi ne ka shiga tseren baɗi da kanka, shi ya sa raina ya ɓaci haka.

Ka gaida abokan zamanka.

Matarka,
Salamatu.

Saji, ranar Alhamis.

Baban Afra'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma takardata ta farko ta same ka. Inna na gaishe ka.

An yanke. Shekara uku aka hana shanunka, biyu na bulala, ɗaya na tsumma. Malam Shitu ya ce da Mahdi ya tsaya ya amsa laifinsa, da sun duba cewa ba ka gari sun bar hukuncin a kansa shi kaɗai. Shi kuwa har yanzu cewa yake shunin ne ya cika ƙarfi. Na daina tanka masa, don in na buɗe baki sai Inna ta raba mu. Bulalar dai na cusa ta a murhu, na dafa tuwo da ita.

Ba ma hanin ne ya fi damuna ba. Da safe na kai wa Tauraro dusa, na ɗaga hannu zan shafa goshinsa kamar yadda kake yi, sai ya zabura ya ja baya har ya kusa tuge turke. Na ajiye kwanon na koma ɗaki na yi kuka.

Inna ta ce shunin zai fita kafin ka zo Sallah. Ban dai sani ba ko zai sake miƙo kai in ka ɗaga hannu. Ka yi ƙoƙari ka zo da wuri, wataƙila ya tuna tsakinka.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Salamatu.