Kwana Talatin da Goron Wakili

Birnin Gwari, 9 ga Mayu, 1974

Zuwa ga aminina Andrawus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Lydia da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiya, ruwa ya sauka, an fara shuka.

Ka tuna keken ɗinkin da na ce zan saya wa 'yata Asama'u bayan rasuwar mijinta, don ta ciyar da marayunta uku ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba? Na saya a shagon Isiyaku na bakin kasuwa, da ɗan abin da gwamnati ta sallame ni da shi bayan shekara talatin ina koyarwa. Ya rantse mini sabo ne. Sati biyu fenti ya ɓare, sai ga tsatsa, allura ko zane ba ta hudawa. Na kai ƙara. Ranar Litinin alƙali ya ce ai na gani da idona kafin in saya, ya kori ƙarar. Ko rasit ɗin bai duba ba. Irin shari'ar da ni da kai muka yi wa rawar 'yancin kai ke nan.

Doka ta ba ni kwana talatin daga ranar hukunci in ɗaukaka ƙara a Kaduna. Biyar ga Yuni ke nan, na zagaye ta da jan biro a kalanda. Takardata a rubuce take.

Naka har kullum,
Mamuda Dabo


28 ga Mayu, 1974

Andrawus,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na ga faɗan da ka yi mini cewa in hau mota yanzu. Da na hau, amma wani abu ya gitta.

Isiyaku ya ji zan tafi Kaduna, sai ya turo mini Wakili, yayan marigayiya matata, wanda shi ya ba ni aurenta. Tsohon nan ya taso tun daga Kutemeshi, ya zauna a zaurena gaban maƙwabta, ya cire hularsa ya ajiye a tabarma, ya roƙe ni kada in kai ɗan gari gaban baƙi. Ya ce Isiyaku zai sauko da sabon keke a lorin uku ga wata. Sannan ya miƙo goro.

Ka san garinmu. Wanda ya karɓi goron sulhu ya ɗaure kansa, wanda ya ƙi kuma ya zagi mai furfura. Na karɓa. Na lissafa, ko lorin bai zo ba ina da sauran kwana biyu.

Ka gaida Lydia.

Mamuda


17 ga Yuni, 1974

Aminina Andrawus,

Ina gaishe ka, Allah ya sa gwiwar ta yi sauƙi. Ka yi haƙuri, na shigo Kaduna ban biyo ta gidanka ba. Ban iya haɗa ido da kai ba.

Ranar uku ga wata aka ce lorin ya lalace a tsakiyar daji. Na ɗauki jakata, sai ga Wakili a ƙofa, ya ce goron bai ko bushe ba, in ƙara sati ɗaya albarkacin 'yar'uwarsa da ke kabari. Ina kallon jan zagayen nan a bango na ajiye jakar. Da sati ya cika na je shago, Isiyaku ko tashi bai yi ba. Ya ce shi bai san da wani lori ba. Ashe ya fi ni ƙirga kwanakin. Wakili kuwa, shi ma yaudararsa aka yi, tun ranar bai fito ba.

Duk da haka na tafi Kaduna. Magatakardan da na tarar a kotu Hammadu ne, ɗalibina na dā, wanda na sha rufe wa ƙofar aji saboda latti. Ya taso ya durƙusa ya gaishe ni, ya karanta takardata, ya ce bai taɓa ganin mai kyanta ba. Sannan ya sa yatsa a kan kwanan watan, ya sunkuyar da kai.

Ya ce ana iya neman ƙarin lokaci, amma sai an rantse a kan dalili mai ƙarfi. Cikin ladabi ya tambaye ni ko na yi ciwo, ko gada ta karye. Lafiyata ƙalau, hanya kuma motoci na bi kullum. Na riƙe biro har aka tashi daga ofis. Me zan rubuta, Andrawus? Cewa na ci goro?

Da na dawo na gaya wa Asama'u. Ta yi mini sannu da hanya. Ta lulluɓe keken da tsohon zane, ta ɗora fitila a kai. Jiya na ji tana tambayar matar maƙwabcinmu Bature ko suna neman mai surfe.

Kada ka sake kirana hedimasta a bayan ambulan ɗin wasiƙa.

Naka,
Mamuda