Inna da Injin Wanke-wanke

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon bayan naki? Mu nan ƙalau muke, alhamdu lillahi.

Hannuwan Inna sun yi sauƙi sosai, tsagewar nan duk ta haɗe. Likita ya ce sabulu ne ke cin fatar, kada ta ƙara taɓa shi. Shi ya sa Baban yara ya kawo injin wanke-wanke, aka kafa shi kusa da famfon kicin. Ni dai na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Inna kuwa kallon da take yi masa ko ɓarawo ba a yi wa irinsa.

Abin da ke damuna ke nan, Yaya. Ta ce mun mayar da ita baƙuwa, daga ci sai barci. Ta ɗaure baƙar jakarta ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki, wai in maigidanki ya zo da mota ƙarshen wata, ya mayar da ita gidanta. Gidan da ba kowa sai ita da ƙadangaru! Wallahi ba na so ta tafi.

Sai ga injin ma ya ba ni kunya. Shekaranjiya ya tsaya tsakiyar aiki, ya rubuta E24 a ɗan gilashinsa, ruwa kwance a ciki kamar kwata. Na ɗauko littafinsa, na ga lambar na nufin ruwa ya kasa fita. Na murɗe matatar da ke ƙasa na ciro, me zan gani? Ƙwallayen lemo da ɓallen kofi. Na wanke ta tas, na miƙar da tiyon baya da ya lanƙwashe, ya ci gaba da aiki. Inna tana kan kujera tana ta dariya, wai ita shekara da shekaru tana wanke-wanke ba ta taɓa rubuta wa kowa lamba ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga wasiƙarki, na gode. Kin ce in lallaɓa ta. Ai ke nesa kike, lallaɓa Inna a takarda ba wuya!

Sabuwa ta ɓullo. Wannan karon E15 ya rubuta, ya kama gurnani ba tsayawa, ko ka kashe maɓalli sai ya ci gaba. Littafin ya ce ruwa ne ya taru a ƙarƙashinsa. Muka cire shi daga wuta, muka rufe famfo, Baban yara ya jawo shi ya karkata shi, ruwa ya malalo har cikin takalmansa. Muka bar shi ya bushe, ya yi aiki, bayan kwana biyu ya sake.

Sai muka kira mai gyara, wani dattijo mai haƙuri. Ya duba robar ƙofa, ya duba tiyo, bai ga inda yake yoyo ba. Da ya buɗe ƙasa sai ya lakato kumfa da yatsa ya nuna mini. Ya ce wani a gidan nan yana sa sabulun ruwa na wanke hannu, shi ke tayar da kumfa har ta tumbatsa ta gangara ƙasa, injin ya ɗauka ya fashe ne. Na rantse masa har da dafa ƙirji cewa ƙwayar sabulun injin kawai muke sawa.

Ranar Laraba na taso aiki da wuri. Ina shiga kicin na tarar da Inna ta naɗe hannun riga, tana cuɗa faranti da soso, kumfa har gwiwar hannu. Tana gama kowanne sai ta jera shi a injin da kumfarsa, wai ai shi zai ɗauraye. Ashe kullum muka fita haka take yi! Na kama hannunta na duba, Yaya, duk ya sake tsagewa. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, Allah ya yafe mini.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ita ba ta taɓa miƙa wa wani ƙazantarta ba, ba kuma za ta fara a kan baƙon inji ba. Sannan ta tambaye ni, in ba ta yi wannan ba, me ya rage mata ta yi a gidan nan? Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Jakar tana nan bakin ƙofa. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ya yara? Yau kam da murmushi nake rubuto miki.

Baban yara ne ya kawo shawara, mutumin da ko cokali bai san inda ake ajiyewa ba. Ya ce tunda injin ya ƙwace mata aiki, a ba ta injin gaba ɗaya. Muka sake kiran mai gyara, ya zauna a ƙasa, Inna a kan kujera da tabarau, yana bi mata lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mata ba ƙorafi injin yake yi ba, faɗin inda ke masa ciwo yake, kuma kowane inji da irin lambobinsa. Nan take fuskarta ta sake, wai ashe jariri ne.

Ta raɗa wa lambobin sunaye. In ruwa bai shigo ba, ƙishirwa ce, a duba famfo. E24 ƙwarewa ce, a ciro matata. E15 kuwa, ki riƙe cikinki, fitsarin kwance! Mai gyara ya yi dariya har da hawaye.

Yanzu da cokalin roba take kankare faranti, ba ruwa ba sabulu. Matata kuwa sai ta sa safar hannu take wanke ta. Ba mai jera kofi ba ta duba ba. Jiya na sa tukunya a karkace ta tare fankar da ke fesa ruwan, ta kore ni daga kicin ɗina, wai ni ce zan kashe mata shi. Tun ranar da aka ba ta injin bai ƙara rubuta komai ba, hannunta kuma ya fara haɗewa.

Ki gaya wa maigidanki ya huta da tuƙi. Da safen nan na ga ba jaka a bakin ƙofa, na ɗauka Inna ta tafi. Ashe jakar tana cikin kabad ɗin kicin. Inna ta juye kayanta a durowa, ta cika jakar da ƙwayoyin sabulu da gishirin injin, ta sa ƙaramin kwaɗo ta kulle. Na roƙi ƙwaya ɗaya, ta ce in jira ta idar da salla, makullin yana wuyanta.

Tana gaishe ki, ta ce in kin tashi zuwa, gidanta za ki sauka, wato nan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta