Nura Ya Koma Zuwa Zance da Ƙafa

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Legas? Mu nan Ƙaura lafiya lau, gero ya fitar da kai.

Kwanaki na ji ana cewa an ga ɗanka Nura ya tafi zance da ƙafa. Na ce ƙarya ne, yaron da ko masallaci zai je sai ya ta da mota. Ashe gaskiya ce. Wajen rakiyar amarya zuwa Zurmi ya yi ta wasa da mota a kan titi, abokai na ihu, jami'an hanya suka karɓe lasisinsa. Yanzu kullum sai ya wanke ta, ya shiga ya ji rediyo, ya fito.

Ka san mahaifin Hadiza, yarinyar da yake nema, ya ce ba zai ba mai gudun tsiya 'yarsa ba. To jiya shi da kansa ya tare ni bayan la'asar, ya ce, "Alhaji, ashe yaron nan ya iya sallama? A da, hon ɗinsa kawai na sani. Ku turo magabata."

Ka gaida Hajiya da yara. Ku taya mu addu'a kada a maido lasisin nan sai an ɗaura aure.

Yayanka,
Mamman